Tsohon zanen fito da ake cewa na Gulbin Rima ne

Dan_Kwalkwalawa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tun shekaranjiya wani zane ke yawo a Facebook, yau kuma na gan shi an turo rukunin unguwarmu har sau uku. Baƙi da fari ne. Ruwa mai faɗi, jirage biyu dogaye, ɗaya ɗauke da raƙuma uku a tsaye, ga mutane da rawuna da kaya jibge a bakin gaɓa, can ƙetare kuma giginyu da ɗan tudu. A ƙasa an rubuta wai masu fito ne a Gulbin Rima zamanin Sarkin Musulmi Bello, kuma wai Turawan da suka zo auna ruwa ne suka zana. Ni a bakin gulbin nan na tashi, kuma wallahi ban gane wurin ba. Shin akwai Turawan da suka taɓa zuwa auna Rima a wancan zamani har suka yi zane? Ko dai an ɗauko na wani wuri ne aka laƙa mana?

Ummu_Hanan_Mabera:
Wa alaikumus salam. Ni ma na gani, har na tura wa yayata da ke Kaduna ina alfahari. Kar dai ka ce mini na yi abin kunya.

Malam_Na_Tarihi:
Ba ki yi abin kunya ba Hajiya, amma rubutun da ke ƙasan zanen ina shakkarsa ƙwarai. Ga dalilina.

Baturen da ya zo Sakkwato zamanin Bello shi ne Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi. Ya zo a 1824, ya sake dawowa a 1826, kuma nan ya rasu ranar 13 ga Afrilu 1827. A kan doki ya zo, ta tudu, Waziri Giɗaɗo ne ya riƙa ɗawainiya da shi. Bai zo da jirgi ba, bai auna Rima ba. Abin da ke ransa shi ne Kwara: ina ta nufa, ina ta faɗa.

Masu auna ruwa na sosai, wato masu shigowa da jirgi suna gwada zurfi suna zana gaɓa, daga teku suka hauro. A 1832 jirage biyu masu hayaƙi suka shigo Kwara, ɗaya ana ce masa Quorra, ɗaya Alburkah, wato dai albarka ɗin nan tamu. A cikinsu akwai sojan ruwan Ingila mai suna William Allen, shi aka ɗora wa aikin taswira, kuma ya iya zane. Ya zana duwatsun Ida, ya zana mahaɗar Kwara da Binuwai inda Lakwaja take yanzu, an buga zanukansa a Landan a 1840. Iyakarsu Raba ta ƙasar Nufe, ba Rabah tamu ta nan ba. To ina Raba ina Kwalkwalawa?

Abu_Runjin_Sambo:
Allah ya gafarta Malam, to ko kuskuren daga nan ya samo asali? Wani ya ga an rubuta Raba ya ɗauka tamu ce ta Sardauna, sai ya ce ai Gulbin Rima ne.

Malam_Na_Tarihi:
Yana yiwuwa, amma ba zan rantse ba. Raƙuman nan uku su suka fi kai hankalina wani wuri. Wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, bayan ya bar Wurno da Sakkwato da Gwandu a 1853, ya isa bakin Kwara daura da Say ranar 20 ga Yuni. Say a lokacin tana ƙarƙashin Gwandu. Ya bayyana jiragen fiton wurin: kututture biyu aka fafe aka ɗinke su a tsakiya, tsawo kamar ƙafa 40, faɗi ƙafa 4 zuwa 5, kuma babban cikinsu ya ɗauki raƙumansa uku. Faɗin ruwan ya ƙiyasta shi yadi 700. Har ya ambaci mai kula da mashigin da sarautarsa ta Hausa, sarkin jirgi. In ka dubi zanen nan ka tuna wannan bayani, sai ka ga kamar an tsaga kara.

Baba_Basarke:
Ni ban san Bature ba, ban san littahinai ba, amma na san jirgi, don ubana da kakana duk fito sunka yi har sunka bar duniya. Jikana yan nuna min abin ga waya, shi ka rubuta min wanga ma.

Wanda yay yi zanen ga bai taɓa ƙetarad da raƙumi ba. Ba a barin raƙumi tsaye cikin jirgi. Gurfanad da shi a ka yi, a ɗaure mai gwiwa, wani shi riƙe akala kusa ga kai yana lallashi nai. In yam miƙe tsakiyar ruwa, to ku duka kun sha. Doki ko ba ya shiga ma, sai a tuɓe mai sirdi a sa cikin jirgi, mai shi ya zamna ya riƙe ragama gajere, dokin na iyo ga gefen da ruwa ka gangarawa, don kar ruwa shi tura shi ƙarƙashin jirgi.

Na biyu, ku dubi yadda jirgin yam miƙe saƙ kamar an ja zare daga wagga gaɓa zuwa waccan. Ruwa mai gudu ba a ƙetare shi haka. Sai ka bi gaɓa ka hau sama tukuna da gwangwala, kana ka saki, ruwa na jan ka kana karkatawa da filafili har ka sauka daidai mashigi. Yaro ɗan shekara goma ga Argungu ya san wanga.

Ummu_Hanan_Mabera:
Kai! Baba Allah ya ƙara lafiya. Wannan ai ba a littafi ake samunsa ba.

Dan_Kwalkwalawa:
Baba mun gode. To ke nan zanen ƙarya ne gaba ɗaya?

Zainab_Mai_Zane:
Ba lallai ba ne, Yaya. Abin da Baba ya gano yana da bayani. Yawancin hotunan da ke cikin littattafan matafiyan nan ba hannun matafiyin ne kai tsaye ba. Shi yana tsaye a bakin ruwa cikin rana, ga zazzaɓi, ga kaya ana lodi, sai ya ɗan ja layuka da fensir: ga tudu, ga itace, ga jirgi. In ya koma gida sai a miƙa wa gwanin zane ya cike, sannan a kai wa masu ɗab'i. Na Barth wani Bajamushe ne ya gyara su, J. M. Bernatz. Mutumin ya taɓa zuwa Habasha, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Na Monteil, Bafaranshen da ya ƙetare a Say ya biyo ta Argungu ya iso Sakkwato a 1891, wani Riou ne ya yi su a Faransa. To wanda ke zaune a ɗakinsa a Turai aka ce masa raƙuma uku a jirgi, me zai hana ya tsayar da su? Raƙumi a tsaye ya fi kyan gani, wuyansa ya fito sarai a kan farin ruwa. Mu ma masu zane mun san wannan son zuciyar.

Don haka tudu da faɗin ruwa suna iya zama daidai, mutanen da dabbobin kuma ƙari ne.

Sani_Injiniya:
Na yarda da Zainab, kuma bari in ƙara daga ɓangaren aikinmu. Mai auna ruwa ba don ado yake zane ba. Babu kyamara a hannunsa, kuma yana so matuƙin da zai biyo bayansa ya gane wurin. Shi ya sa yake zana siffar dutse, da doguwar bishiya, da tsibiri, da inda gari yake. Zurfi kuwa da igiya ake gwadawa, an ɗaura mata darma a baki, an yi mata alama gaba gaba. Gindin darmar akwai ɗan rami da ake cusa kitse, in ta taɓa ƙasa sai ta ɗauko yashi ko laka ko tsakuwa, a rubuta. Kowace gaba ƙafa 6 ke nan, daidai da gabar da kakanninmu ke auna igiyar rijiya da ita.

Wurin fito yana da muhimmanci a gare su saboda abu uku: nan hanyar fatake ke ratsa ruwa, nan ake samun itacen da za a ƙona a tukunyar jirgi da abinci, nan kuma ake samun wanda ya san ruwan. Mutanen da ke cikin hoto ba su ne damuwarsa ba. Sau da yawa ana sa mutum ne kawai don a gane girman abu.

Bello_Gidan_Igwai:
Ni duk wannan bai dame ni ba. Abin da nake so a tuna shi ne, kafin wani Bature ya ja layi, Sarkin Musulmi Bello ya zana wa Clapperton Kwara a kan ƙasa da hannunsa, daga baya kuma aka ba shi taswira a takarda da rubutun Larabci, wadda aka buga a Landan a 1826. Taswirar farko ta Kwara da Turawa suka samu daga hannun masu ƙasa daga Sakkwato ta fito. Wannan ya kamata a riƙa yaɗawa, ba raƙuma ba.

Malam_Na_Tarihi:
Gaskiya ne an yi haka, Malam Bello, sai dai kalmar "ta farko" ka bar ta, ba ni da hujjarta kai ma ba ka da ita. Kuma akwai abin mamaki a ciki. A zanen ƙasa, Clapperton ya ce Sarki ya nuna masa ruwan yana faɗawa teku. A taswirar takarda kuwa an nuna ruwan ya yi gabas, har an rubuta cewa shi ne ke kaiwa Masar. Biyun ba su haɗu ba.

Bello_Gidan_Igwai:
Ai wannan ita ce hikimar. Ya fahimci abin da suke nema, sai ya ɓatar da su. Mutumin da ya rubuta Infaƙul Maisuri ba zai jahilci inda Kwara ta nufa ba.

Zainab_Mai_Zane:
Ko kuma magatakardan da ya zana ya bi abin da ke cikin tsofaffin littattafan Larabawa ne, waɗanda suka daɗe suna haɗa ruwan ƙasar Sudan da Nilu. Ba kowane saɓani ne dabara ba.

Bello_Gidan_Igwai:
To me ya sa aka hana shi zuwa Yawuri da Nufe a wancan zuwan? Ƙanwata, sarauta ba wasa ba ce.

Malam_Na_Tarihi:
An hana shi kam, an ce hanya ba lafiya. Shi kansa ya zargi fataken Larabawa da ke tsoron kasuwarsu. Kowa ya ɗauki wanda ya fi kwanta masa, ni dai ba na cikin zuciyar Sarki.

Dogo_Kofar_Marke:
Ni da na ga an ce muhawara kan fito na ɗauka na baki ne, na shigo in nuna gwaninta. Ashe na ruwa ne. A ci gaba, ina gefe.

Bayawuri_75:
Dogo ka ji da shi. Jama'a, tunda an ambaci garinmu bari in sa baki. Dalilin da ya sa ba za ku sami zanen masu jirgin hayaƙi a Rima ba shi ne duwatsun Busa. Nan Mungo Park ya halaka a 1806. Jirgin da ya hauro daga teku ba ya wuce wannan yanki, tun ma kafin a kai nan jirgin Dayspring na su Baikie ya fashe a kan dutse kusa da Jebba a 1857, mutanensa suka yi zaman dole a bakin ruwa, Glover da ke cikinsu ya yi ta auna wuraren. Faransawa ne daga baya suka gangaro ta sama, Hourst a 1896 da jirginsa na alminiyam, ya yi watanni kusa da Say, ya wuce ta Ilo da Yawuri da Busa har teku. Shi ma Kwara ya bi, bai shigo Gulbin Kabi, wato Rima ta can ƙasa, ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mashigan da aka zana ko aka bayyana a yankinmu da yawa ba a iya zuwa a gani yanzu. Clapperton a zuwansa na biyu ya ƙetare ne a Komi, ƙasa da Busa, inda ayarin Gwanja ke ƙetarewa. Tsohuwar Busa kanta tana ƙarƙashin ruwan Kainji tun 1968, da tsibirai da ƙauyukan Gungawa masu yawa. Kakata har ta rasu in muna cikin jirgi takan nuna wani wuri a tsakiyar ruwa ta ce nan kukar gidansu take. Ba komai a wurin sai ruwa. Don haka ni ko zanen da aka ƙara wa gishiri ina so, ya fi babu.

Hajiya_Yar_Jega:
Allah ya jiƙanta. Mu ma a gidanmu fataucin goro aka gada. Kakanmu yakan ce tafiyar Gwanja duk wahalarta ɗaya ce, ranar fito kuma daban. Ayari na iya kwana da kwanaki a bakin ruwa, madugu na ciniki da sarkin jirgi kan kuɗin fito, a ƙirga jakuna a ƙirga kaya a biya da wuri. Jaki shi ne ɗan rigima, sai an ja an tura. Kuma ya ce ba a haɗa kanwa da ruwa, ba a haɗa goro da rana, ga shi a bakin ruwa duka biyun suna jiranka. Madugun kirki tun yana nesa yake aika jagaba ya shirya jirage, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam_Na_Tarihi:
Hajiya, Barth ma haka ya yi a Say, ya aika manzo tun kafin ya iso. Wataƙila a wurin fatake ya koya.

Abu_Runjin_Sambo:
Wai ni duk wannan nisa da kuke tafiya, kun manta 2010? Da ambaliya ta cinye gadar hanyar jami'a, ba jirgin fito muka koma ba? Ina aji biyu lokacin. Na ga malami da jakar kwamfuta a ka, ya naɗe wando, wani yaro da bai kai shekara sha biyar ba yana ba shi umarni: zauna nan, kar ka motsa, kar ka riƙe baki. Kuma ya bi, ko musu babu. An ɗora babura a jirgi a kwance, mai shi na riƙe da ƙaho yana salati. Yadda Baba ya faɗa haka suke yi, su hau sama sannan su saki. Lokacin na ɗauka tsawaita tafiya suke don a ga sun yi aiki.

Dan_Kwalkwalawa:
Hahaha Abu, wataƙila ƙanena ne ya ƙetare da kai. Shekarar nan yaran garinmu sun ga kuɗi. Amma ka lura, ko a wannan cikar, da ruwa ya shafe fadama, bai yi kama da zanen nan ba. Rima in ta cika yaɗuwa take cikin gonakin shinkafa, sai ka ga kan ciyawa da itatuwa tsamo tsamo a ciki. Ba ta da gaɓa tsayayya mai tsafta haka.

Baba_Basarke:
Yaro ka hwaɗi daidai. Kuma kahin a yi Bakolori da Goronyo, da rani wurare da yawa da ƙahwa a ka wucewa, ruwa iyakar gwiwa. Raƙumi mi zai kai shi jirgi? Da damina ko in babu jirgi kusa, gora muka sa. Ka kihe bisa babban gora, kayan mutum cikin masaki, shi riƙe, kai kana tura shi kana iyo. Mata da tsohi haka munka ƙetarad da su ba adadi. Wanga shi na fiton Rima na asali, in da Baturen ya zo nan shi zai zanawa.

Sani_Injiniya:
Baba, tambaya don Allah. Ku da ba ku da igiya da darma, yaya kuke gane zurfi a inda gwangwala ba ta kai ba?

Baba_Basarke:
Ga huskar ruwa. Inda yay yi lumui yana juyawa sannu, gurbi na, akwai zurhi. Inda shi ka ƙyalƙyali da ƙananan tuɗɗai, rairai na kusa. Inda yat tsage biyu kamar an sa wuƙa, akwai kututture ƙasa. Kuma kowace shekara sai ka sake koyo, don rairai tahiya shi kai. Taswirar bara ba ta fito bana.

Sani_Injiniya:
Shi ya sa ko da taswira a hannu jiragen Turawa ba su daina ɗaukar matuƙa 'yan ƙasa ba, Nufawa da Kakanda musamman. Sunan mai igiya yana kan takarda, na mai nuna masa hanya kuwa da wuya ka gani.

Ummu_Hanan_Mabera:
Ni abin da ke tsorata ni yanzu shi ne lodi. Hatsarin jirgin Warra a 2021 har yau ban manta ba, ga kuma waɗanda ake yi nan kusa da mu kusan kowace damina, yawanci mata da yara masu zuwa gona ko kasuwa. Da can da sarkin jirgi ke tsaye a mashigi, anya zai bari a cika jirgi haka?

Bayawuri_75:
Hajiya har yanzu akwai sarakunan ruwa, amma inji ya canza abin. Jirgin katako mai inji yana ɗaukar abin da goma na da ba su ɗauka, ga tafiyar dare, ga kututturan itatuwan da tafki ya shanye suna nan a ƙasa. Rigar kariya kuma ko an raba sai ka ga an jingine ta wai zafi.

Dogo_Kofar_Marke:
An fara daga raƙumi an zo rigar ruwa. Mai tambaya, ka sami amsarka kuwa?

Dan_Kwalkwalawa:
Rabi da rabi. Na gamsu ba Rima ba ce. Amma Malam ya ce Say, Abu ya ce Raba ta Nufe, ban san wanda zan kama ba.

Zainab_Mai_Zane:
Ƙara na uku. Barth ya ƙetare Binuwai ma a mahaɗarta da Faro ranar 18 ga Yuni 1851, kan hanyarsa ta Yola, kuma akwai hoton wurin a littafinsa. Sai dai jiragen can ƙanana ne matsattsu, ba na ɗaukar raƙumi ba, don haka ban ba shi ƙarfi ba. Wanda ya fara turowa ya yanke gefen hoton, inda ake sa sunan mai zane da na maɗaba'a. In an samu cikakke, magana ta ƙare cikin minti ɗaya.

Bello_Gidan_Igwai:
Ko kuma na'ura ce ta haɗa shi jiya jiya, muna nan muna ta ɓata data. Ku ƙirga ƙafafun raƙuman tukuna.

Ummu_Hanan_Mabera:
Na ƙirga. Sha ɗaya nake gani, amma ɗaya mai tuƙi ya kare ta.

Malam_Na_Tarihi:
Jibi in Allah ya kai mu zan shiga ɗakin tarihi na Waziri Junaidu kan wani aiki, zan nuna wa ma'aikatan ko akwai wanda ya taɓa cin karo da shi. Dan_Kwalkwalawa, turo mini wanda bai dushe ba, na wajena duk ya farfashe. Jikan Baba kuma, don Allah ka tambaye shi da me ake ɗinke jirgin kututture biyu, kuma me ake cusawa a ɗinkin don kar ya sha ruwa.

Baba_Basarke:
Jikan ne ke rubutu. Baba ya tafi masallaci, ya ce in ya dawo zai faɗa, amma wai sai Malam ya zo Argungu da kansa ya ga irinsa, akwai wani tsoho a bayan gidanmu da awaki ke kwana a ciki.